Gasa Sitek a Gida Kamar na Gidan Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin waɗanda suka ci sitek a otal ko gidan abinci ya yi musu daɗi, suka dawo gida suka gwada, nama ya fito da tauri. Galibi ba hannun mai girki ne da laifi ba. Naman da ake nunawa a bidiyon girkin ƙasashen waje daban yake da wanda ke kan teburin mahautanmu, don haka dole a san inda za a bi su da inda za a sauya hanya.

Mene ne sitek, kuma me ya raba shi da balangu ko tsire?

Sitek yanka guda ne na naman sa, mai kauri, wanda ake gasawa a wuta mai ƙarfi cikin 'yan mintuna, bayansa ya yi ɓawo mai duhu da ƙamshi, cikinsa ya zauna da laushi da ruwa. Balangu yana daɗewa a kan waya kafin a yayyanka shi. Tsire kuwa siriri ake fere shi, ga ƙuli da yaji sun rufa masa baya. Sitek ba shi da wannan gatan, nama ne da gishiri da wuta. In naman bai yi kyau ba, babu kayan haɗin da zai ɓoye aibinsa. Shi ya sa amsoshin farko suka tsaya a kan sayen nama da ajiye shi kafin ma a kunna murhu.

Wane sashe na sa zan saya?

Tsokar da ba ta wahala a jikin dabba ita ce mai laushi. Cinya da kafaɗa da wuya da ƙauri kullum cikin aiki suke, cike suke da jijiya, wurinsu tukunya ne da dogon dahuwa. Sitek daga gadon baya yake fitowa.

Akwai doguwar tsoka guda biyu da ke kwance ta ciki, ƙarƙashin ƙashin baya kusa da ƙoda. Ita ce filet, kuma babu abin da ya kai ta laushi a jikin sa, sai dai ba ta da kitse, ɗanɗanonta kuma bai da ƙarfi. Ta saman ƙashin baya akwai wata doguwar tsokar. Ɓangarenta na wajen haƙarƙari shi ne rib'ayi, mai zaren kitse a ciki, wanda masu son nama suka fi yabo. Ɓangarenta na wajen ƙugu shi ne saloyin, mai layin kitse a gefe guda. Ti-bon kuwa yanka ne da ya haɗa saloyin da filet da ƙashi a tsakaninsu.

Ga mai sayen nama a kasuwarmu, shawarata ya fara da filet. Ko saniya ta tsufa, wannan tsokar ba ta cika ba da kunya ba. Tozo yana da kitse da daɗi, amma gashin hankali yake so, kada a yi masa gashin sitek.

Na sayi gadon bayan, amma duk da haka ya yi tauri. Me ya sa na otal yake da laushi?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko irin shanun. A Amurka ana yawan kiwon shanu irin su Angus domin nama kawai, a ƙarasa kiwonsu da hatsi, a yanka su kafin ko wajen shekara 2. Har daraja hukuma take ba naman gwargwadon yawan zaren kitsen da ke cikin tsoka. Shanunmu masu tozo, su Bunaji da Rahaji da Gudali da Azawak, ciyawa suke ci, tafiya suke sha, kuma da yawa sai sun kwana biyu a duniya ake kai su kwata. Bincike ya kuma nuna cewa shanu masu tozo suna da yawan wani sinadari a tsoka wanda ke rage saurin laushin nama bayan yanka.

Na biyu shekaru da ƙiba. Saurayin sa da aka turke aka ciyar da shi dusa da harawa ya fi tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa laushi nesa ba kusa ba. Na uku, wanda ya fi duka sauƙin gyarawa, shi ne kwanan nama. Gidajen sitek ba sa gasa naman da aka yanka yau, sai ya yi makonni a ɗakin sanyi. Duba amsar da ke magana a kan ajiye nama a firiji.

Naman shanunmu yana da abin da ya fi na waje, wato ƙarfin ɗanɗano. In aka bi da shi yadda ya kamata, ba abin rainawa ba ne.

Me zan ce wa mahauci don ya ba ni abin da nake so?

A je da sassafe, kafin a daddatse gadon baya a haɗa shi da sauran nama. Mafi kyau ma a yi magana da mahaucin tun jiya. A ce masa: "Malam, tsokar nan ta ciki da ke manne da ƙashin baya nake so, a cire min ita sukutum, kada a sara ta, kada a tsaga ta." In ta saman ce ake so, a roƙe shi ya bar kitsen da ke bayanta. A tambaye shi ko akwai naman turkakken sa.

Yankawa a gida za a yi, da wuƙa mai kaifi, a gicciye da tsawon tsokar. Kaurin kowane yanka ya kai santimita 2.5 zuwa 4, wato wajen faɗin yatsu biyu. Siririn yanka yakan bushe kafin bayansa ya yi ɓawo. A kuma zare farar fatar nan mai sheƙi da ke lulluɓe da filet, domin wuta ba ta narkar da ita, sai ma ta sa naman ya lanƙwashe a kasko.

Ashe ba naman da aka yanka yau ne ya fi kyau ba?

Ga farfesu da miya, babu laifi. Ga sitek kuwa shi ne mafi muni. Bayan an yanka dabba tsokarta takan sandare cikin yini guda. Daga nan ne wasu sinadarai da ke cikin naman suke fara sassauta zarensa a hankali. Wanda ya sayi nama da safe ya gasa da yamma, ya gasa shi ne a daidai lokacin da ya fi kowane lokaci tauri.

Gidajen sitek sukan ajiye nama sati 2 zuwa 4, wasu fiye da haka, a sanyin da ke kusa da daskarewa. A gida ba a bukatar haka. A goge tsokar sukutum ta bushe, a ɗora ta kan ƙaramar waya da faranti a ƙasa, a sa a can ƙasan firiji, ta yi kwana 3 zuwa 5. Sharaɗin shi ne ma'aunin firijin kada ya haura digiri 4 na Salshiyas (ma'aunin da duk digirin da ke cikin rubutun nan yake bi), dare da rana. In ana yawan ɗauke wuta a unguwarku kuma babu sola ko janareta, kada a kai kwanakin nan. A bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a kula mai cike da ƙanƙara, cikin leda da ba ta shan ruwa, ko a sayi wanda ya riga ya kwana a kanti mai ɗakin sanyi. Duk naman da ya fara yauƙi ko wari, a zubar.

Yaushe ake sa gishiri, kuma da me ake jiƙa naman?

Lokaci biyu ne masu kyau: ko dab da za a sa shi a kasko, ko aƙalla minti 45 kafin nan. Tsakanin biyun nan gishiri ya jawo ruwa ya kwanta a bayan naman bai koma ba, kuma jiƙaƙƙen nama ba ya yin ɓawo. Mafi kyau a barbaɗa tun dare, a bar shi a firiji a buɗe ya kwana. Kimanin giram 8 zuwa 10 ya ishi kilo guda, wato wajen cokalin shayi ɗaya da rabi. Masoro a daka shi ɓarza-ɓarza. Ni na fi son a sa shi a ƙarshe don kada ya ƙone.

Filet da rib'ayi ba sa bukatar jiƙo. In saloyin ne na sa mai shekaru, ɗanyar gwanda tana taimakawa, haka ma abarba da ɗanyar citta, domin duk suna da sinadarin da ke tsinka zaren nama. A gurza kaɗan a shafa, minti 20 zuwa 30, a wanke a goge. In ya daɗe, bayan naman sai ya zama kamar tuwo alhali cikinsa na nan da taurinsa. Yajin tsire kuwa a ajiye shi a gefen faranti. Ƙulin da ke cikinsa ƙonewa yake a zafin kaskon sitek, ya koma ɗaci.

Wane kasko da wane mai?

Kaskon ƙarfe mai nauyi, irin na zubi, shi ya fi, saboda yana riƙe zafi ko an ɗora masa nama mai sanyi. Mai kaurin gindi na bakin ƙarfe mara tsatsa ma yana yi. Siririn kaskon alminiyam nan take yake hucewa. Wanda aka shafe cikinsa don kada abinci ya kama kuwa ba a yi shi don irin wannan zafin ba, shafen lalacewa yake in ya wuce wajen digiri 260.

Mai kuma a nemi wanda ke jure wuta. Tataccen man gyaɗa na kanti yana kai wajen digiri 230 kafin ya fara hayaƙi. Bota takan ƙone tun ƙasa da digiri 180 saboda ɓurɓushin madarar da ke cikinta, shi ya sa ake sa ta a ƙarshe. Soyayyen man shanu wanda aka tace yana jure zafi sosai, kuma ƙamshinsa yana dacewa da naman sa. Manja yana danne ɗanɗanon nama, a bar shi.

To yaya ake gasawar, daga farko har ƙarshe?

A goge naman da takardar goge hannu ko tsumma mai tsabta har ya bushe ƙarau. A buɗe taga, domin za a yi hayaƙi. A ɗora kasko a wuta mai ƙarfi minti 3 zuwa 5, a zuba mai cokali ɗaya ko biyu. Da ya fara ɗan hayaƙi sai a kwantar da naman, ana tura shi can gaba don kada mai ya fantso wa mutum. In ba a ji ƙara mai ƙarfi ba, kaskon bai yi zafi ba, a ɗauke a jira.

A bar shi minti 2 ba tare da taɓawa ba, sannan a juya da abin kamawa, ba da cokali mai yatsu ba. Daga nan ana iya juyawa duk bayan minti guda. Maganar da ake yi cewa sau ɗaya tak ake juya sitek ba doka ba ce, yawan juyawa ma yana sa cikinsa ya gasu daidai. In akwai kitse a gefe, a tsayar da naman a kansa ya narke. Yanka mai kaurin santimita 2.5 zuwa 3 yakan ɗauki minti 6 zuwa 8 gaba ɗaya kafin ya kai matsakaicin gashi, wato tsakiyarsa ta zama ruwan hoda.

Saura minti 2 a sauke, sai a rage wuta, a jefa bota cokali biyu, da tafarnuwa ƙwaya uku da aka ɗan fasa, da reshen tayim in akwai. A karkata kaskon, a riƙa ɗibar botar da cokali ana kwarara wa naman. Wannan matakin ne ke kawo ƙamshin nan na gidan abinci.

Namana ruwa yake fitarwa a kasko, ya yi launin toka. Ina kuskuren yake?

Dafuwa ya yi, bai gasu ba. Launi da ƙamshin gasasshen nama suna zuwa ne daga haɗuwar sinadaran furotin da sukari a zafin da ya kai wajen digiri 140 zuwa sama, abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai ruwa tsakanin nama da kasko, ɓawo ba zai samu ba.

Ko dai an wanke naman ba a goge ba, ko kaskon bai yi zafi ba, ko an cika shi da nama. Yanka biyu ya ishi babban kasko, da tazara a tsakaninsu. In daskararre ne, a narkar da shi a firiji tun dare, kada a tsoma shi a ruwan zafi. Duba kuma amsar gishiri.

Yaya zan san ya gasu yadda nake so?

Ƙaramin ma'aunin zafi na girki shi ne abin dogaro. A soka shi ta gefe har tsakiyar naman. Digiri 50 zuwa 52 jajir ne a ciki. Digiri 54 zuwa 57 ja ne mai ɗumi, wanda yawancin gidajen sitek suka fi so. Digiri 60 zuwa 63 matsakaici ne, ruwan hoda a tsakiya. Daga 70 zuwa sama ya gasu sarai, babu sauran ja.

A sauke tun saura digiri 3 ko 4, domin zafin da ke bayan naman yana ci gaba da shiga ciki. In babu ma'auni, a ɗan tsaga gefe da wuƙa a duba. Ɗan ruwan da zai fita bai kai asarar ƙona nama mai tsada ba.

Jan ruwan da ke fita daga sitek ba jini ba ne? Ya halatta a ci?

Ba jini ba ne. Jini yana kwarara ne a wurin yanka. Abin da ake gani a faranti ruwa ne, domin wajen kashi 75 cikin 100 na tsoka ruwa ne, gauraye da wani furotin mai suna mayogilobin wanda ke riƙe wa tsoka iskar numfashi. Shi ne ya ba naman sa jan launi, kuma ƙarancinsa ne ya sa ƙirjin kaza ya yi fari. Zafi yana mai da shi ruwan ƙasa in ya kai wajen digiri 70. Abin da aya ta 145 a Suratul An'am ta ambata shi ne jini abin zubarwa. Wanda duk da haka ransa bai kwanta da ganin ja ba, ya duba amsar masu son nama ya gasu sarai.

Ta fuskar lafiya fa, babu matsala a ci shi da ja a ciki?

A yanka guda wanda ba a huda ba, ƙwayoyin cuta a bayan naman suke, kuma zafin kasko yana kashe su. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da shawarar digiri 63 da barin naman ya huta minti 3 bayan an sauke shi ga irin wannan yanka, da digiri 71 ga niƙaƙƙen nama. In an caccaka nama da cokali mai yatsu don ya yi laushi, an tura abin da ke waje ciki, sai a gasa shi sosai.

Akwai kuma tsila, tsutsar cikin da ake ɗauka daga naman sa wanda bai dahu ba. 'Ya'yanta a cikin tsoka suke zama, ba a waje ba. In ba a tabbatar likitan dabbobi ya duba naman a kwata ba, kada a sauka ƙasa da digiri 63. Daskarar da nama a digiri 10 ƙasa da sifili na kwana 10 ma yana kashe su. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya, nasu ya gasu sarai, wannan ba abin wasa ba ne.

Mu a gidanmu ba ma cin nama da ja. Za a iya gasa shi sarai bai bushe ba?

Za a iya, kuma babu wanda ya isa ya ce ba sitek kuka ci ba. A zaɓi rib'ayi ko wani yanka mai kitse, a sa gishiri tun dare. A fara da wuta mai sauƙi: tanda a digiri 120 har cikinsa ya kai wajen 63, sannan a kai shi kasko mai zafi, minti ɗaya kowane gefe, da bota. In babu tanda, a yi ɓawon tukuna, a rage wuta ƙasa sosai, a rufe, ana juyawa. Da ya kai digiri 70 a sauke. Abin da ke busar da nama shi ne mintunan da ake ƙarawa bayan nan "don a tabbatar".

A gawayi fa?

Gawayi ma ya fi gas ƙamshi. A tara garwashi a gefe guda na murhu, a bar ɗaya gefen da kaɗan. A jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farar toka. A yi ɓawo a gefen zafi, a ƙarasa a gefen sanyi. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, a matsar da naman. Kada a hura da kananzir, warinsa kama nama yake.

Dole ne a bar shi ya huta kafin a yanka?

Minti 5 ya isa, 10 in mai kauri ne. A cikin wannan lokacin zafi yake daidaita tsakanin waje da ciki. Kada a rufe shi ruf, tururi zai jiƙa ɓawon.

Yadda ake yankawa ya ma fi hutun muhimmanci ga naman shanunmu. A duba inda zaren tsoka ya nufa, a yanka a gicciye da shi, siriri. Wuƙa ta riga ta yi wa haƙori rabin aiki ke nan.

A girkin Turawa ana zuba giya a romon sitek. Me zan sa a madadinta?

Aikin giyar shi ne ta ɗago abin da ya kama a gindin kasko, ta kuma kawo ɗan tsami. Romon ƙashi yana yin na farko, lemon tsami ko ruwan tsamiya ko ruwan kal yana yin na biyu. Bayan an cire naman a rage man, a soya yankakkiyar albasa minti 2, a zuba romo rabin kofi ana kankare gindin kaskon da cokalin katako, a bar shi ya ƙone zuwa rabi. A sa dakakken masoro da yawa da kirim ɗin girki cokali uku, ko bota mai sanyi bayan an kashe wuta, a ɗiga tsami. Ɗan mitsitsin daddawa a cikin romon yana ƙara masa zurfi, amma kaɗan, kada ta fito fili. Ruwan da naman ya saki a faranti lokacin hutu a juye shi ciki.

Me ake haɗa shi da shi, kuma yaya zan sa komai ya iso tebur da zafi?

A Faransa da Beljiyam soyayyen dankali ne abokin sitek, kuma sirrinsa suya biyu: ta farko a digiri 150 har ya yi laushi bai yi launi ba, a tsame ya huce, ta biyu a digiri 190 har ya yi ƙarau. Dankalin Jos yana yi sosai. Ana kuma dafa shi a murƙushe da bota da madara mai ɗumi. A Ajantina miyar ɗanyen ganye da tafarnuwa da ruwan kal da mai suke zubawa a kan gasasshen nama. Lansir da albasa da tumatir da lemon tsami yana yin wannan aikin, yana yanke maiƙo.

Sitek shi ne na ƙarshe a kan wuta. A gama suyar dankali ta farko, a haɗa ganye, a yanka albasar romo, a ɗuma faranti da ruwan zafi a goge, kowa ya zauna, sannan a ɗora kasko. Lokacin da naman ke hutawa ne za a yi romo da suya ta biyu. In mutane sun fi huɗu, a gasa manyan yanka biyu ko uku masu kauri, a yayyanka su a babban tire kowa ya ɗiba. Ya fi sauƙi da araha fiye da gasa wa kowa nasa.